Daga Legas zuwa Bahiya ni kaɗai: yadda na bi takardu da yadda na ƙetare teku

Tun da na dawo Legas, tambayar da aka fi jefa mini ita ce ko ban ji tsoro ba. Na ji mana. Amma yaranmu masu aiki a jiragen ruwa a Apapa da Kirikiri tasu tambayar daban ce: ta ina ake farawa, wace takarda ce ke gaban wace, me ya fi cin kuɗi. Saboda su na zauna na rubuta wannan, don kada su sha yawon da na sha.

Iyayena mutanen Yawuri ne, bakin kogin Neja, ni kuwa a Idi-Araba aka yanke mini cibiya. Sana'ata gyaran injin dizal a ƙananan jiragen da ke kai kaya da ma'aikata wurin manyan jirage. Tuƙi da iska a Lagos Yacht Club na koye shi, kulob ɗin da aka kafa tun 1932, inda masu jirage kan nemi wanda zai ja musu igiya ranar tsere. Na yi shekaru ina ja wa mutane igiya kafin wani Bature da aikinsa ya ƙare a Najeriya ya sayar mini da tsohon jirginsa: tsawonsa mita 9, jikin faiba, jigo ɗaya (doguwar sandar da ke tsaye a kan jirgi), filafilai biyu, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, da ƙaramin inji. Inda na nufa shi ne Salbado, babban birnin jihar Bahiya a Barazil. A miƙe, tsakaninta da Legas kusan mil 2,750 ne na teku, kowane mil mita 1,852, wato sama da kilomita 5,000. Jirgin iska kuwa ba ya tafiya a miƙe.

Ofishi na farko shi ne ɗakin mahaifiyata, kuma nan na fi daɗewa. Da na faɗa mata sai ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, me ka rasa a tudu?" Kawuna da ke sayar da shanu a Agege bai ma tsaya jin bayani ba, ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na je wurin malaminmu na zaure ina sa ran zai goya mini baya, sai ya karanto mini hadisin da ya yi gargaɗi a kan mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai. Bai ce haramun ne ba, amma ya gindaya mini sharuɗɗa: yardar mahaifiya da bakinta, biyan duk bashin da ke kaina, barin abin da iyali za su ci har na dawo, da rubuta wasiyya a gaban shaidu. Duk na yi. Hajiya ta amince daga baya bisa sharaɗi ɗaya, cewa kullum bayan sallar asuba sai saƙona ya shigo wayar ƙanena ya karanta mata. Wannan sharaɗin ne ya sa na sayi na'urar Garmin inReach mai aika gajeren saƙo ta tauraron ɗan'adam, wadda ta zama hanyar da nake samun labarin yanayi a tsakiyar teku.

Daga nan sai rajistar jirgi. Abin da ya kamata ka gane tun farko shi ne, rajistar da kwale-kwalen fasinja ke yi don zirga-zirga cikin ruwan Legas, ta LASWA, hukumar hanyoyin ruwa ta jihar Legas, ko ta NIWA, takwararta ta tarayya, ba ita ce za ta fitar da kai ƙasar waje ba. Jirgin da zai shiga tashar wata ƙasa sai yana da tuta, tutar Najeriya kuwa tana fitowa ne daga ofishin rajistar jirage da ke ƙarƙashin NIMASA, hukumar tarayya mai kula da sufurin teku. An nemi in kawo takardar cinikin jirgi, shaidar cewa ni ɗan ƙasa ne, sunan da nake so a sa wa jirgin don a duba ko wani ya riga ni, da rahoton mai awo da zai zo ya auna jirgin ya duba lafiyarsa. Sai kuma takardar da ta riƙe ni watanni: shaidar cewa an goge jirgin daga rajistar ƙasar da yake da ita a da, don jirgi ba ya ɗaukar tuta biyu. Wanda ya sayar mini ya riga ya koma Turai, shi kaɗai ne kuma zai iya neman a goge. Mutumin kirki ne, ya yi, amma sai da aka yi ta aike-aike. In za ka sayi jirgi daga hannun baƙo, ka riƙe wani kaso na kuɗin har wannan takarda ta shigo hannunka, ka kuma karɓi takardun kwastan na ranar da jirgin ya fara shigowa ƙasar, don za a tambaye ka su ranar fita.

Kuɗin gwamnatin tarayya ta Remita ake biya. Za a fitar maka da lambar RRR, ka biya a banki ko ta waya, ka buga rasit. Na buga kowanne kwafi uku. A bakin ƙofofin da na bi ba a rasa masu tare mutum da "Oga, kawo fayil ɗin, yau-yau za a gama." Amsata ɗaya ce: duk abin da ba shi da rasit ba na biya. Hakan ya ƙara mini zama a benci, wani lokaci daga safe har la'asar a ce mai sa hannu yana taro, amma fayil ɗina bai taɓa fita daga idona ba. Gaskiyar magana kuɗin takardu ba su ne masu karya mutum ba. Abin da ke cin aljihu shi ne kayan tsira, don duk da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 komai ya ninka. Kwale-kwalen ceto mai hura kansa ya haura dala 1,000 nesa ba kusa ba. EPIRB, na'urar da ke kai kukan neman agaji ga tauraron ɗan'adam a kan mita 406 MHz, ita ma ɗaruruwan daloli ce. Sai na sayar da filina na Ikorodu.

A nan ne jerin takardu ke da muhimmanci, don kowace tana hawa kan ta bayanta. Sai da rajista za a ba jirgi alamar kira ta rediyo da lambar MMSI mai lambobi 9, wato lambar shaidar jirgi a rediyo, wadda ta jiragen Najeriya ke farawa da 657. Sai da wannan lambar za a saita maka rediyon VHF da AIS, na'urar da ke nuna wa manyan jirage inda kake, ta kuma nuna maka su. EPIRB ma ana saita ta ne da lambar ƙasar tutar jirgi, a yi mata rajista da sunanka da lambar wanda za a kira a gida. Wanda ya yi gaggawar sayen kayan nan kafin rajista ta fito, zai sake biyan kuɗin saiti. Tawa na sa lambar ƙanena, na zaunar da shi na koya masa abin da zai faɗa in cibiyar ceto ta kira: launin jirgi, tsawonsa, mutum nawa ne a ciki, ina saƙon ƙarshe ya nuna.

Takardun jikina ba su ba ni wahala sosai ba saboda aikina. Ina da littafin ma'aikacin jirgi da takardun STCW, wato shaidar horon ma'aikatan jirgi, na kashe gobara, taimakon gaggawa da tsira a ruwa. Fasfo na sabunta a ofishin Ikoyi don ya zamana yana da sauran fiye da wata 6. Katin rigakafin shawara mai launin rawaya daga jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake karɓa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Bizar Barazil a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas na nema. Fom ɗin yana son tikitin jirgin sama da otal, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Na rubuta wasiƙa na bayyana cewa ta ruwa zan shiga kuma a cikin jirgina zan riƙa kwana, na haɗa da rajista, hotunan jirgi, bayanan banki da taswirar hanya. An kira ni an yi mini tambayoyi, aka ba ni. Ka lura da ranar da bizar za ta mutu, don teku ba ta san kalanda ba. Inshora kuwa ita ce ta fi ban takaici: da zarar an ji kalmomi biyu, mutum ɗaya da mashigin Gini, wato tekun da ke gaban gaɓarmu wanda ya yi ƙaurin suna da fashi, sai a daina amsa wasiƙa. Abin da na samu a ƙarshe shi ne mai biyan ɓarnar da jirgina zai yi wa na wani kawai. In jirgin ya nutse, asarata ce.

Lissafin guzuri na yi shi ne a kan cewa jirgi irin nawa yana cin kimanin mil 100 a yini da dare in iska ta yi kyau, hanya kuma da karkacewarta za ta haura mil 3,000. Wata ɗaya ke nan da ɗoriya, sai na yi tanadin wata biyu. Ruwan sha lita 3 a rana, rabi a tanki rabi a jarkoki, don in tanki ya fashe ko ya gurɓace kada a rasa duka. Uwargida ta yi mini dambun nama da dakuwa, na sayi garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, shinkafa, taliya, kifin gwangwani, kuka da daddawa, sai albasa da lemun tsami daga Mile 12. Albasa ta kai ni har Barazil a rataye cikin raga. Kilishi kuwa bai jure danshin teku ba, cikin mako na biyu ya fara furfura, don haka a fara cinye shi.

Fita na tsayar a watan Janairu. Lokacin hazo ya sauko har gaɓa, iska ba ta da ƙarfi, amma an wuce guguwar farkon damina da ta ƙarshenta, masu tasowa daga gabas ba sallama. Makon ƙarshe na yi shi ne tsakanin kwastan, jami'an shige da fice na tashar ruwa, jami'an lafiya da hukumar tashoshi, NPA. A nan na ɗauki ejan na jiragen ruwa na biya shi ladansa, kuma ban yi da-na-sani ba, domin tsarin gaba ɗaya an gina shi ne don jirgi mai ɗaukar kwantena dubbai, ba wanda ya tanadi fom don mutum ɗaya da buhun garin kwaki. A wani tebur aka miƙo mini takardar jerin ma'aikata mai layin kyaftin, layin babban injiniya, har da na kuku. Na rubuta sunana a layi na farko na miƙa. Jami'in ya duba ya ce, "Oga, ina sauran?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne duka." Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya kira na gaba da shi, aka taru ana kallona ana dariya, sannan aka buga hatimi. Abubuwa biyu kada ka bar tudu ba su: hatimin fita a fasfo, da takardar sallamar jirgi daga tashar Legas mai nuna tashar da ka nufa. Na kuma kai wa rundunar sojan ruwa da ke Apapa wasiƙa da bayanin jirgi da ranar fita, don kada jirgin sintiri ya gan ni da dare ya ɗauke ni wani abu daban, na yi rajista da MDAT-GoG, cibiyar da sojojin ruwan Faransa da Ingila ke gudanarwa don karɓar rahoton jiragen da ke ratsa mashigin Gini.

Na kwance igiya bayan sallar asuba, lokacin da ruwa ya fara janyewa, don a mashigar Legas in ka yi karo da ruwa mai shigowa ƙaramin inji ba ya kai ka ko'ina. Na karanta Bismillahi majreha wa mursaha, na kira masu kula da tasha a rediyo na faɗi sunan jirgi da inda na nufa. Tarkwa Bay da hasumiyar fitila suna dama, ginin Eko Atlantic yana hagu, dogayen katangun duwatsun nan biyu suka raka ni har bakin teku. Kafin in fita sai da na tsaya sau biyu na cire leda daga matatar ruwan sanyaya inji. Duk wanda ya san ruwan Legas ya san wannan. A waje kuma ga manyan jirage birjik sun yi anka suna jiran layi, cikin hazo ba ka ganin su sai kun yi kusa, ga masunta da komarsu a shimfiɗe ba fitila.

Kwanakin farko su ne mafi wuya a tafiyar duka, kuma dalilin yana cikin taswira. Barazil tana kudu maso yamma, iskar gaɓarmu kuma daga can take busowa, wato tana dukan fuskarka. Ruwan gaɓar Gini shi ma gabas yake gudu. In ka ɗaga filafilai ka bar jirgi ya bi yadda ya samu, iska da ruwa za su haɗu su kai ka wajen Neja Delta, cikin rijiyoyin mai da ba a yarda a kusance su da mita 500 ba, kuma yankin da 'yan fashin teku suka fi ta'adi. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin Gini ne. Abin ya ragu sosai bayan Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na tsaron teku, Deep Blue, a 2021, amma mutum ɗaya a jirgin da ba ya wuce gudun keke ba shi da abin kare kansa sai nisa. Don haka na ƙona fiye da rabin dizal ɗina ina turawa kudu sak, inji da babban filafili tare. AIS na bar shi yana karɓa kawai ba ya aikawa har na wuce mil 200. Wasu za su ce kuskure ne don manyan jirage ba sa ganinka, kuma suna da hujja, amma ni na fi tsoron wanda ke nemana a kan wanda bai san da ni ba. Ga amai, duk da shekarun da na yi a ruwa. Garin kwaki da sukari ne kawai ke zama a cikina. Wani dare na ji ƙarar injin kwale-kwale daga nesa, na kashe komai na zauna a ƙasan jirgi ina salati har ƙarar ta ɓace. Wataƙila masunta ne.

Wajen digiri 2 arewa da ikweta ruwa ya juya ya fara jana yamma, iska kuma ta koma kudu. Kafin nan na sha kwanciyar iska: teku sumul, filafilai suna kaɗawa fal-fal, zafi, sai hadari ya haɗu cikin minti kaɗan ya zubo da ruwa da iska mai ƙarfi ya wuce. Da na ga baƙin gajimare sai in rage filafili tukuna, sannan in tara ruwan sama da bokiti a ƙasan jigo in yi wanka. Na ƙetare ikweta ba nisa da inda ya haɗu da layin Girinwic, kudu da Gana, inda GPS ke nuna sifili da sifili. Daga nan tauraron arewa ya nutse ban sake ganinsa ba. Kaɗan-kaɗan iska ta koma kudu maso gabas ta zauna daram, ba dare ba rana, na saita na'urar tuƙi mai aiki da iska na saki sitiyari. Tsibirin Asenshon na bar shi can kudu ban tsaya ba, don shigarsa sai da izini tun daga gida. A Kudancin Atlantika da wuya a samu guguwar nan mai juyawa da ke addabar Amurka, shi ya sa ake ganin hanyar da sauƙi in ka kai wannan wuri.

Abin da ya rage sai barci. Dokar hana karo a teku ta 1972 ta ce kowane jirgi ya kasance da mai tsaro a kowane lokaci, mutum ɗaya kuwa ba zai iya cika wannan ba, sai dai ya kusanta. Babban jirgi mai gudun mil 20 a awa yana iya fitowa daga inda ido ya ƙare ya iso kanka cikin minti 20 ko ƙasa da haka, shi ya sa nake saita agogo minti 20: in tashi, in leƙa ko'ina, in duba kamfas, in koma. Kamar mai jego nake, barci gutsi-gutsi, ido a rufe kunne a buɗe. A tsakiyar teku inda babu zirga-zirga na tsawaita zuwa awa guda, na bar ƙararrawar AIS a kunne. Wanda bai yi barcin rana ya rama ba zai fara jin muryoyi. Ni na ji ana kiran sallah sarai daga cikin ƙarar ruwa, na ji muryar kawuna yana ciniki. In hakan ta faru, ka ci abinci ka kwanta, kada ka yanke wata shawara. Doka ɗaya ban taɓa karyawa ba: ba na fita daga ɗaki sai ɗamarata tana maƙale da igiyar jirgi, ko da fitsari zan yi. Jirgin da ke tuƙa kansa ba zai juyo ya ɗauke ka ba.

Sallah kuwa ta zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Alwala da ruwan teku nake yi, tunda hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, ina kasaru, in raƙuman ruwa sun yi yawa in yi a zaune na tokare ƙafa da bango. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa, ni kuma yamma na nufa, don haka bayan jirgi nake fuskanta. Agogo ba ya amfani wajen lokaci, domin kowane digiri ɗaya da ka yi yamma rana tana jinkirta minti 4, a yini ana samun bambancin minti 6 zuwa 7. Inuwar jigo nake dubawa da rana, da dare kuma Kaza da 'ya'yanta. Kowace safiya sai na tsinci kifaye masu tashi da suka faɗo kan jirgi cikin dare, tsawon tafin hannu, fikafikansu a buɗe sun bushe da gishiri. In fere su in soya da albasa da yaji. Bayan nan in zagaya jirgi da filaya a hannu. Abin da ke lalacewa a doguwar tafiya ba ya karyewa farat ɗaya, gogayya ce ke cinye shi a hankali. Igiyar da ke ɗaga filafilin gaba ta kusa tsinkewa a inda take shiga ƙoƙon jigo, na gano ta da tabarau mai kawo nesa kusa, na sauke na yanke wurin na sake ƙullawa. Da ta tsinke da sai na hau jigo ni kaɗai a tsakiyar teku.

Da na kusa gaɓar Barazil na koma barcin minti 20, don jirage da masunta sun dawo. Na rage gudu da gangan don in shiga da rana. Hasken hasumiyar Barra na fara gani kafin asuba, da hantsi na shiga mashigin Todos os Santos da tuta rawaya a sama, alamar ban riga na yi sallama da hukuma ba, da ƙaramar tutar Barazil. Na ɗaure a tashar ƙananan jirage kusa da kasuwar Mercado Modelo, ƙarƙashin lif ɗin Lacerda mai haɗa birnin ƙasa da na tudu. Da na taka ƙasa sai ta riƙa lilo da ni. Ofisoshi uku ne kuma a jere suke: Polícia Federal don hatimin shiga, Receita Federal don izinin zaman jirgi na wucin gadi ba tare da biyan haraji ba, sannan Capitania dos Portos ta sojan ruwa. Ko'ina sai da suka nemi takardar sallamar Legas. A sa dogon wando da takalmi rufaffe, ba a shiga da gajeren wando da silifa. Turanci bai cika aiki ba, da fassarar waya muka fahimci juna. Sauran dambun nama na cinye shi tun a teku, don ba a shiga ƙasar mutane da nama.

Ba banza na zaɓi Bahiya ba. Hanyar da na bi ita ce wadda aka bi da kakanninmu a ɗaure. Hausawa bayi sun shirya tawaye a wannan gari a 1807, sannan a daren 24 ga Janairun 1835, cikin azumi, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da ake kira na Male. Layu da takardun da aka samu a jikinsu da rubutun Larabci suna ajiye a ma'adanar tarihin jihar. Wasu daga cikin waɗanda suka komo bayan haka su ne ake kira Aguda a Legas, mutanen unguwar Popo Aguda, kuma magini daga cikinsu ne ya tsara masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. A bakin titi na ga mata cikin fararen kaya suna soya ƙosai da manja, suna tsaga shi su cusa jatan lande da yaji. Na sayi biyu na ci a tsaye.

Ga mai niyya, shawarata ita ce ya ba takardu shekara guda, ya bi su a jere: cinikin jirgi da shaidar gogewa, rajista, lambar rediyo, saitin na'urori, sannan biza a ƙarshe don kada ta mutu yana jira. Ya ɗauki dizal fiye da yadda littattafan Turawa ke faɗa, don su daga tsibiran Kanari suke tashi iska tana bayansu, mu kuwa sai mun sayi mil ɗaruruwan farko da mai. Kafin babbar tafiya ya gwada kansa da ƙarama, ya kwana biyu ko uku a teku shi kaɗai ya ga yadda kansa ke yi da rashin barci. Kuma ya yi tunanin dawowa tun kafin ya tafi, domin iskar da ta kai ka ita ce za ta hana ka komowa ta hanya ɗaya. Ni na bar jirgin a ɗaure a tsibirin Itaparika, na sanar da Receita Federal a rubuce cewa zan fita in bar shi, na hau jirgin sama daga Sao Paulo ta Addis Ababa. A filin jirgin Murtala Muhammed jami'in shige da fice ya yi ta juya fasfona yana neman ta inda na fita. Na nuna masa hatimin tashar ruwa da kwafin takardar sallama, ya duba kwanan wata, ya buga nasa ya miƙo mini.